RUWAN DAMINA BAƘO NE, MU BA SHI MASAUKI

 Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili cikin wannan mujalla tamu, in yi magana a kan wani al'amari wanda ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, watau ƙafewar gulabe da ƙoramun ƙasar Katsina da rani. Na san wani zai ce ai wannan maganar injiniyoyi ce da ma'aikatan ruwa. To, amma duk wanda ya taɓa tashi da asuba a birnin nan ya tarad da famfo ba ko ɗigo, ya fita bakin titi da bokiti yana jiran ɗan ga-ruwa alhali lokacin lacca yana wucewa, ya san maganar tasa ce.

Cikin hutun da ya wuce, da tsakiyar bazara, na je ƙauyenmu da ke bakin gulbin Gada don in gai da kakana. Tsohon masunci ne, amma komarsa tana nan rataye a dangar gida, rana da ɓera sun gama da ita. Da yamma ya kama hannuna muka gangara gulbi. Ya nuna mini wani wuri da sandarsa, ya ce nan da can akwai wata babbar giyayya, ƙarƙashinta kuwa akwai gurbi wanda ruwansa ke kai wa ƙato ƙirji har faɗuwar damina. Ba mai jefa koma a ciki sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izni, a ranar kuwa kowane gida sai ya ci tarwaɗa. Na duba wurin, ba giyayya, ba gurbi, sai sawun tayar motocin yashi, da wasu mata sun haƙa rami ya fi tsawon mutum suna kwalfar ruwa da ƙoƙo. Tsoho ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, ku da aka sa makaranta, gaya mini. Ruwan sama ne ya yi fushi da mu, ko kuwa mu ne muke korarsa?" Na buɗe baki ban sami ta cewa ba. Wannan rubutu ƙoƙari ne na ba shi amsa.

RUWAN DA ALLAH KE BA MU

Mu fara da lissafi, don shi ba ya son kai. Birnin Katsina yakan sami ruwan sama kimanin milimita 600 a shekara, wata shekara ya ɗara haka, wata ya kasa, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin watan Yuni da Satumba. Milimita ɗaya idan ta sauka a kan hekta guda, lita 10,000 ke nan. Ashe kowace hekta ta gonar talaka tana samun lita miliyan 6 a damina ɗaya. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 yana zubad da lita 60,000, watau cikin jarka 2,400 irin mai lita 25 da muke saye a hannun 'yan ga-ruwa. Wanda aka ba wannan kyauta kowace shekara bai kamata ya ce an hana shi ba. Abin tambaya shi ne, ina ruwan yake tafiya?

Gulbin da ake ganin ruwa a cikinsa da rani, ba ruwan sama na ranar yake gudana da shi ba. Ruwan damina ne wanda ƙasa ta sha, ya bi ta ƙarƙashi sannu a hankali, wata da watanni, har ya tsattsafo cikin yashin gulbi da gurabensa. Ƙasa ita ce randar gulbi. In randa ta cika da damina, gulbi ya sha da rani. In kuwa ruwa ya zo ya tarad da bakin randa a toshe, sai ya malale ta gefe ya yi gaba, ya bar mu da ambaliya a Agusta, da ƙishirwa a Maris. Ga shi kuma randar tamu ba babba ba ce, gama yawancin ƙasar Jihar Katsina a kan fa take zaune, ruwan ƙarƙashinta yana cikin 'yar ƙasar da ta rufe dutsen ne, da tsagogin dutsen, da yashin gulabe da fadamu. Mai ƙaramar randa shi ya fi kowa bukatar ya kula da ita.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zato ne kawai. Bayan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, masu auna ruwan koguna a yankin Sahel sun ga wani abin mamaki. Ruwan sama ya ragu ƙwarai, amma ruwan da ke kwarara cikin waɗansu koguna da damina, kamar kogin Nakambe na Burkina Faso da kogin Sirba, sai ya ƙaru. Dalili kuwa shi ne ƙasa ta yi tsirara, ta daskare, ta daina shan ruwa. Mu ma nan gida mun ga irin tamu. A tsakiyar watan Yuli na 2018 aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jibiya, gari ya waye ambaliya ta kashe mutum fiye da 40, ta rushe ɗaruruwan gidaje, har waɗansu gawawwakin sai a ƙetaren iyaka cikin Nijar aka same su. Allah ya jiƙansu. A wannan yanki ɗin ne kuma, watanni kaɗan bayan haka, mata ke haƙar yashi neman ruwan sha. Ruwa ba ya tsami banza. Ambaliya da ƙafewa uwarsu ɗaya.

YADDA MUKA KORI BAƘON

Abu na farko shi ne sare itatuwa. Itace yana tare ƙarfin ɗigon ruwa da ganyensa, ganyen da ya kaɗe ya zama taki, gara da sauran ƙwari su huda ƙasa ƙarƙashinsa, saiwarsa ta buɗe wa ruwa hanya. Da aka sare kanya da ɗinya da marke da ɗorawa aka yi itacen girki da gawayi, aka tumɓuke kalgo da sabara da geza a kowane sassabe, sai ƙasa ta zama kamar daɓe. Ruwa ya taru ya yi ƙarfi, ya tsaga kwazazzabai, ya kwashe ƙasar noma ya zuba cikin gulbi.

Na biyu, noma har bakin gaɓa. A da akan bar gamba da jema da itatuwan fadama a gefen gulbi su riƙe gaɓa. Yanzu da mutane suka yi yawa, gonaki suka yi ƙaranci, garma tana kaiwa har inda ruwa ya tsaya. Gaɓa ta zube, gulbi ya yi faɗi ya rasa zurfi, gurabe suka cike.

Na uku, ɗibar yashi ba ƙa'ida. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 birnin nan yake ta bunƙasa, kowane bulo da aka buga kuwa da yashin wani gulbi aka buga shi. Mutane da yawa ba su san cewa yashi rumbun ruwa ne ba. Yashi mai tsakuwa yakan riƙe ruwa kimanin kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na girmansa, kuma ruwan da ya nutse ƙasa da kamu biyu cikin yashi rana ba ta iya shanye shi yadda take shanye na sarari. Duk tifar da ta fita daga gulbi, da rabon ruwan wani gida ta fita.

Na huɗu yana cikin birni. Iyayenmu sun haƙa kududdufai sa'ad da suke ɗibar ƙasar gini, waɗannan kududdufai kuwa su ke karɓar ruwan unguwa da damina su shayar da rijiyoyin gidaje. Yau ana cike su da shara a yanka filaye, tsakar gida an malale ta da siminti, lambatu ya kwashe ruwan ya fitar bayan gari cikin sa'a guda. Sa'an nan kowa ya kira masu haƙar burtsatse, yana zuƙa daga randar da ba mai zuba mata. Ƙoramar Ginzo da ta bi ta wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, abin da ke gudana cikinta da rani yawancinsa ƙazamin ruwan gari ne, da shi kuma masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji da alayyafon da muke saye a kasuwa. Ba laifinsu ba ne, abin da suka samu ke nan.

MAGANAR MANYAN MADATSU

Wani zai ce, ai Gwamnati ta yi maganin wannan tuni, ta gina madatsun ruwa. Gaskiya ne an gina. Akwai Ajiwa a kan gulbin Tagwai, wadda aka yi cikin shekarun 1970, ita ce ta daɗe tana shayar da birnin Katsina. Akwai Zoɓe a kan Karaɗuwa kusa da Dutsin-Ma, wadda aka gama a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, tana iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 170. Akwai ta Jibiya a kan Gada, mai ɗaukar kimanin miliyan 140. Ba na raina waɗannan ayyuka, ni kaina ruwan Ajiwa na sha na girma. Amma akwai abu uku da ya kamata mu faɗa wa juna.

Da fari, tara ruwa daban, kai shi ga mai bukata daban. Zoɓe ta shekara 38 tana kwance kafin a ƙaddamar da kashin farko na aikin ruwan sha daga gare ta a 2021. Cikin waɗannan shekaru rana ce ta fi kowa shan ruwan Zoɓe, don a irin ƙasarmu abin da rana da iska ke ɗauka daga buɗaɗɗen tafki yakan kai zurfin mita biyu a shekara. Na biyu, madatsa ba ta haifar ruwa, abin da ƙasar da ke bisanta ta aiko mata shi take tarawa. In ƙasar nan tsirara take, laka da yashi za ta aiko, tafki ya riƙa cikewa kowace shekara har ya zama faranti. Na uku, wanda ya fi damuna, shi ne hakkin mutanen da ke ƙasa da madatsa.

Gulbin Gada ba a Jibiya ya ƙare ba. Yana shiga Nijar, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, ya bi ta ƙasar Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa Rima. Da yawa daga mutanen da ke bakinsa Katsinawa ne 'yan'uwanmu, tarihi ne ya raba mu gari. Sun san ƙarfin wannan gulbi, gama a 1945 ambaliyarsa ce ta ci tsohon garin Maraɗi har aka koma tudu. Tun da aka datse shi kuwa suke kukan raguwar ruwan da ke malala fadamunsu. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri, cewa za su raba ruwan gulaben da suka haɗa su bisa adalci, Gada da Tagwai suna cikin waɗanda aka ambata da suna. Alkawari kaya ne, kuma na sama shi ya fi ɗaukar nauyinsa.

In muna son mu ga ƙarshen datse ruwa ba tare da tunanin na ƙasa ba, mu dubi maƙwabtanmu na gabas. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ambaliyar shekara shekara da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ruwa ya koma gudana ba bisa lokacinsa ba, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka shiga wahala. Da masana tattalin arziki suka yi lissafi farkon shekarun 1990, sai suka tarad da amfanin da ake samu daga kowace mudu ta ruwa a waɗannan fadamu, na kifi da noma da itace, ya fi wanda ake samu daga ita a manyan gonakin ban ruwa na sama nesa ba kusa ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

KIFI MA YANA DA RABO

Wataƙila wani ya yi dariya, ya ce mutane na fama da ƙishirwa, wannan yaro yana maganar kifi. To, a saurara. Tarwaɗa takan jira ruwan farko, ta haura cikin ciyawar fadama ta zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a can, da ruwa ya fara janyewa su gangaro cikin gurabe. Waɗanda suka rayu cikin gurbi har wata damina su ne iri. In gurbi ya ƙafe a Fabrairu, ko aka zuba masa gamalin, ko aka tace shi da gidan sauro, to an cinye iri, sai gaiwa kaɗai da ke iya binne kanta cikin laka. Kifi kuwa shi ne naman talaka. Har wa yau shi ne mai shaida, gama gurbin da karfasa da ƙurungu suka rayu cikinsa har bazara, rijiyoyin da ke kusa da shi ba su ƙafe ba, shanun Fulani sun sami na sha ba su shiga lambun kowa ba, kuma yarinyar gidan ta tafi makaranta maimakon ta wuni a bakin rami. Wanda ya san yadda rigimar manomi da makiyayi ke farawa a mashaya, ba zai raina gurbi ɗaya ba.

ABIN DA WASU SUKA YI

Gani ya kori ji, kuma ba sai mun je nesa ba. A ƙasar Maraɗi, cikin 1983, wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara a gonakinsu ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi. Aka shiga koya wa manoma su zaɓi reshe ɗaya ko biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe saura. Suka sa wa abin suna sassaben zamani. Ba a sayi irin dashe ba, ba a yi ban ruwa ba. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka komo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a ƙasashen Maraɗi da Damagaram, gawo yana kan gaba. A ƙasar Tawa kuma manoma suna haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, da kunyoyi masu siffar rabin wata, su tare ruwa a kan faƙo har ya koma gona. Hausawa ne kamarmu, ruwan samansu bai kai namu ba.

A ƙasar Kenya, wajen Machakos da Kitui, ƙauyawa suna gina gajeren bango na dutse da siminti a gicciye cikin ƙorama. Damina ta cika bayansa da yashi, yashin ya riƙe ruwa, da rani a ɗiba ta rijiya ko bututu, ba sauro, ba ɓarnar rana. A ƙasar Indiya, cikin jihar Rajastan, Rajendra Singh da abokan aikinsa sun fara taimakon ƙauyuka su gyara tsofaffin tafkunansu na ƙasa a 1985. Kogin Arvari, wanda ya shekara da shekaru ba ya gudana sai da damina, zuwa tsakiyar shekarun 1990 ya komo yana gudana shekara zagaye, kifi ya dawo cikinsa. Duk waɗannan dabara ɗaya ce: a rage wa ruwa gudu, a baza shi, a bar ƙasa ta sha.

AMSA GA MASU SUKA

Na san akwai masu cewa gulabenmu tun fil azal na damina ne. Haka ne, kuma ba na yi wa kowa alkawarin Gada za ta zama Kwara. Abin da nake nema ƙarami ne amma mai yiwuwa: gulbin da ke tsayawa a Oktoba ya kai Disamba, gurbin da ke ƙafewa a Fabrairu ya kai Mayu, ruwan da ke cikin yashi ya tsaya inda hannun mace zai kai gare shi. Tsakanin rayuwa da ƙaura, sau da yawa waɗannan 'yan watanni ne.

Akwai masu cewa canjin yanayi ne, ba mu da iko a kansa. Lalle yanayi ya canja, zafi ya ƙaru, ruwa yakan zo da yawa a dare ɗaya sa'an nan ya ɗauke. Amma wannan hujja ce a kanmu, gama in baƙo ya zama mai gaggawa, sai mai gida ya ƙara shirin tarbarsa.

Akwai masu cewa itace ma shan ruwa yake yi. Wannan gaskiya ce, bai kamata a ɓoye ta ba. In aka cika bakin fadama da turare, wanda saiwarsa ke zuƙar ruwa dare da rana, to an yi gyaran gangar auzinawa. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga shi a 2016, ya nuna ruwa ya fi shiga ƙarƙashin ƙasa inda itatuwa suke a warwatse daidai wa daida, bisa ga inda babu su sam, ko inda suka yi cunkoso. Wannan kuwa ita ce siffar gonar Bahaushe ta asali, gawo nan, ɗorawa can, gero a tsakani.

Akwai kuma maganar da ta fi kowace nauyi: mai saran itace da mai lodin yashi ba mugunta ce ta kai su ba, yunwa ce. Dokar da ta hana talaka abinci ba ta ba shi wani ba, karya ta zai yi da dare. Saboda haka a keɓe wuraren ɗibar yashi nesa da mashaya da rijiyoyi da gadoji, a ƙayyade zurfi, kuɗin da ake karɓa kuma a ga amfaninsa a ƙauyen da aka ɗiba. Aikin gina ƙananan madatsu da toshe kwazazzabai, waɗannan samari ɗin za a ɗauka a biya su. Manomi kuwa a tabbatar masa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ba mai kama shi don ya sare reshe. Wannan tabbaci yana cikin abin da ya sa aikin Maraɗi ya yaɗu. Batun rashin tsaro a dajin Rugu da kewayensa, wanda ya hana ma'aikata shiga wurare da yawa, shi ma ba a musunsa. Sai a fara da inda za a iya, ga Tagwai nan a bayan gari.

ABIN DA NAKE ROƘO

Ga hukuma, roƙona biyar ne. A riƙa tsara aikin ruwa bisa ga gulbi, daga inda ya taso har inda ya fita, ma'aikatun ruwa da gona da gandun daji su zauna tabarma ɗaya. A bar ɗan fili a kowace gaɓa wanda garma ba za ta taɓa ba, a dasa jema da gamba da itatuwan gida, a biya mai gonar abin da ya rasa. A gina ƙananan madatsun yashi masu yawa a ƙoramun da ke shayar da Ajiwa da Zoɓe da Jibiya. A sa wa kowace babbar madatsa jadawalin sakin ruwa wanda aka yi shawara da mutanen ƙasa da ita, a karanta shi a rediyo kowa ya ji. A kuma ƙidaya kududdufan da suka rage a birni, a yashe su, a kewaye su don tsaron yara, a hana yanka su. Kuɗi ba za su zama hanzari ba, domin a ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Bashi ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya, don haka hakkinmu ne mu tambayi inda aka zuba shi.

Ga iyayenmu sarakuna da hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, a maido wa Sarkin Ruwa da ƙarfinsa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, ginshiƙinsa shi ne hana su a Matan Fada sai ranar da aka buɗe. Wannan hikima tamu ce tun kafin zuwan Turawa, kuma ba ta bukatar kwangila.

Ga yayyenmu ma'aikata, fayil ɗin da ke kan teburinku yau shi ne gulbin gobe. Takardar iznin gini a kan hanyar ruwa, da ta yanka kududdufi, da hannun wani ƙaramin ma'aikaci take bi kafin ta kai ga babba. Ba kullum za ku iya hanawa ba, amma kuna iya rubuta gaskiya a gefen takarda ku sa hannu.

Mu kuma ɗalibai, mu ji kunya kaɗan. Muna iya zana taswirar kogin Nilu da Misisipi a jarrabawa, amma mutum nawa cikinmu ya san inda Tagwai ta taso? Ina ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara ta kafa kwamiti, kowane ɗalibi ya ɗauki ƙorama ɗaya ko rijiya ɗaya ta garinsu. Abin da ake bukata igiya ce mai awo da littafi. A rubuta ranar da ƙorama ta fara gudu da ranar da ta tsaya, a auna zurfin ruwan rijiya farkon kowane wata, a zauna da tsofaffi a rubuta sunayen gurabe da irin kifin da ke cikinsu a da, tun waɗannan tsofaffi suna raye. Masu neman abin rubuta kundin kammala digiri, ga shi nan a ƙofar gida. In muka yi haka shekara biyar ba fashi, za mu riƙe hujjar da ba wanda zai iya ture ta a gaban kowace hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu dubbai ne.

In Allah ya kai mu hutu mai zuwa zan koma wurin tsohon nan, in durƙusa in ce masa, "Kaka, na samo amsar tambayarka. Baƙon yana nan zuwa kowace shekara bai fasa ba, mu ne muka rushe masaukinsa." Na san abin da zai ce, zai tambaye ni yaushe za a fara gini. Wannan tambaya ta biyu ba ni kaɗai zan amsa ta ba, shi ya sa na kawo ta gabanku. Ba a fafe gora ranar tafiya, damina kuwa tana tafe.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu hankalin riƙe ta, amin. Wassalam.